Yarona na sosa jiki har jini tun da hunturu ya shigo, uwar mijina ta ce ƙazantata ce

Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema kuma a sakaya sunana. Ina aure a Funtuwa, yarana biyu, babban namiji ne shekararsa 4 sai ƙanwarsa 'yar wata 5. Tun da sanyin nan ya shigo jikin yaron ya bushe ya yi furu-furu, bayan gwiwarsa da lanƙwasar hannunsa sun yi baƙi sun yi kaushi, da daddare sosawa yake har jini, baya bacci nima bana yi. Ita ma jaririyar kumatunta sun fara saɓa. Gida ɗaya muke da uwar mijina, ita tace datti ne bana cuɗa su da kyau, yanzu ita ke musu wanka safe da yamma da ruwa mai zafi sosai da sabulun salo da soso, har Dettol take ɗigawa a ruwan. Maƙociyata kuma ta bani wani mai na haɗi da ake sayarwa a kasuwa, na shafa wa yaron sati uku, ƙurajen suka kwanta wurin ya yi haske, ina dainawa suka dawo fiye da da. Maigida yace in bi abin da mahaifiyarsa tace kawai. In shafa wa jaririyar man ita ma? Wallahi na rasa yadda zan yi.

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ɗawainiya, Allah ya bai wa yaran lafiya ya raya miki su.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe dan ita ce ta fi tsorata ni. Kar ki shafa wa jaririyar nan wannan man, ko ɗigo, ko a bayan kunne da sunan gwaji. Shi ma yaron a tsaya haka. Man da ya kwantar da ƙuraje cikin kwanaki, ya haska wurin, kuma ana dainawa ciwon ya dawo da ƙarfinsa, wannan duk alamu sun nuna akwai sitiroid mai ƙarfi a ciki, wato maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, irin wanda in kika duba jikin ƴan ƙananan mayukan matsawa na kemis za ki ga an rubuta betamethasone ko clobetasol, su masu haɗin nan suke matsewa a roba su gauraya da man shafawa su zuba turare su ce ai na gyaran fata ne. Magani ne fa na gaske, likitoci na rubuta shi, amma da awo da adadin kwanaki da kuma wurin da za a shafa. In aka yi ta lafta wa yaro shi babu lissafi fatar sirancewa take yi ta yi laushin banza, jijiyoyi su fito, abu kaɗan ta yage, kuma a jikin jariri yana ratsawa ya shiga jini saboda fatarsu bata kai tamu kauri ba. Hasken nan da kika gani ba warkewa bane. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan mayukan haɗin nan musamman yadda ake shafa wa yara, amma har yau a buɗe ake sayar da su a kasuwa da WhatsApp. Kar ki zubar da robar, ki ɗaure ta a leda ki tafi da ita asibiti likita ya gani da idonsa, zan dawo kan maganar asibitin.

Toh sai batun datti. Ba datti bane, kuma ki cire wannan daga ranki dan na ji a rubutunki maganar ta yi miki ciwo. Yaron da ake cuɗawa sau biyu a rana wane datti ne ya rage a jikinsa? Iska ce. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar da ke busowa ta arewa maso gabas daga sahara take zuwa, mafi yawan ƙurar ma daga wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, kuma tana zuwa ne babu ɗigon danshi a cikinta. A watan Agusta danshin iska a yankinmu yana haura kashi 70 cikin 100, amma da rana tsaka a Janairu sai ya sauka ƙasa da kashi 20. Shi ya sa kina shanya zani kafin ki gama wanke-wanke ya bushe ƙamas. Abin da iskar ke yi wa zanin shi take yi wa fatar ɗanki, tsotse ruwan take.

Ita fata Allah ya yi mata wani ɗan maiƙo a samanta wanda ke riƙe ruwan ciki. Ki ɗauka kin kwashe tuwo kin bar shi a buɗe a tsakar gida cikin wannan iskar, kin san sama zai yi ɓawo ya tsattsage, amma wanda kika rufe da murfi yana nan da laushinsa har dare. Maiƙon nan shi ne murfin. Ruwan zafi narkar da shi yake, sabulu ya kwashe shi, soso ya kankare sauran, sai a fito da yaro tsirara cikin iska. Kinga kenan wankan da Hajiya uwar mijinki ke yi da kyakkyawar niyya shi ke ƙara hura wutar, kullum sau biyu ana cire murfin. Sabulun salo kuma duk da ana yabonsa dan na gargajiya ne, da toka ake yinsa, kaifi gare shi, fata tana da ɗan tsami-tsami a halittarta shi kuma sabulu irin wannan kishiyar haka ne, babba mai maiƙon fuska zai ji daɗinsa, amma a kumatun 'yar wata 5 cikin hunturu ya yi ƙarfi. Dettol ma yana da aikinsa, sai dai ba a ruwan wankan yaron da fatarsa ta riga ta fashe ba, ƙara masa raɗaɗi da bushewa kawai zai yi.

Akwai kuma abin da nake zargi game da yaron musamman. Bushewar hunturu kowa na yi, amma wuraren da kika lissafa, bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, ga ƙaiƙayin dare, ga ƙanwa ta fara a kumatu, wannan ya yi kama da ciwon fatar nan da likitoci ke cewa eczema, wanda yake bin jini. Ki bincika a danginki ko na maigida, da wuya ki rasa mai asma ko mai yawan atishawa da murar ƙura ko wanda ya yi irin wannan yana yaro. A jarirai daga kumatu da goshi yake farawa, in yaro ya tasa sai ya koma lanƙwasar gaɓoɓi da wuya. A littattafan Turawa ja yake fitowa, a baƙar fatarmu kuwa sai ki ga wurin ya ƙara duhu ko ya yi toka-toka ya yi kauri, wani lokaci da ƴan ƙananan ƙuraje kamar tsikar jiki ta tashi, shi ya sa ake yawan ɗaukarsa datti a yi ta dirza. Ba ciwon da ake ɗauka daga jikin wani bane, ba shi ya shafa wa ƙanwarsa ba, kar kowa ya raba musu shimfiɗa ko ya hana shi wasa da yara. Yana lafawa yana tashi, yara da yawa kuma suna girma yana raguwa. Amma ni wasiƙa na karanta ban ga fatar ba, likita ne zai tabbatar.

Yanzu ga abin da za ki fara tun yau ba sai kin jira komai ba. Wanka sau ɗaya a rana ya isa a wannan yanayin, jaririyar ma in an tsallake rana aka goge mata wuya da hammata da matsematsi da tsumma mai ɗumi babu abin da zai same ta. Ruwan ya zama mai ɗumi kawai, ki tsoma gwiwar hannunki, in kika ji kina son janyewa to ya yi wa yaro zafi, tafin hannunmu mu mata ya riga ya saba da tukunya ba a gwaji da shi. Kar wankan ya wuce minti 5 zuwa 10. A ajiye soso gaba ɗaya har sai damina, tafin hannu ya wadatar. Sabulu ki nemi marar ƙamshi mai laushi irin na jarirai, shi ma ba duk jiki ba, hammata da gaba da baya da ƙafafu da hannuwa, sauran jikin ruwa kawai. Ki mayar da wankan jaririyar zuwa hantsi in rana ta ɗaga, a cikin ɗaki ƙofa a rufe. Shi kuma ɗan makaranta a yi masa da yamma in ya dawo da ƙurarsa, da safe a wanke fuska da hannu da ƙafa a shafa mai a sa kaya, ba dole sai an tsoma shi a ruwa ƙarfe shida na safe yana karkarwa ba, sanyin Funtuwa ai ba wasa bane.

Sai babban abin, wanda in kin manta duk sauran kar ki manta shi. Lokacin shafa mai. Mu yawanci yadda muke yi, a fito da yaro a goge shi tas da tawul, a zaunar da shi a rana ko gefen wuta ya bushe, uwa ta je ta sauke tukunya ta dawo sannan a shafa mai. A lokacin ruwan ya riga ya gudu, man sai ya zauna a kan busasshiyar fata yana ƙyalli, bayan awa ɗaya yaro ya koma fari fat kice ai man ne ba shi da kyau. Shi mai ba ya kawo ruwa, tsare wanda ke wurin yake yi. Dan haka kina fito da shi ki dafa jikin da tawul a hankali, dafawa ba gogewa ba, ki bar shi da ɗan laima, cikin minti 3 ki lafta man tun daga wuya har tafin ƙafa. Ki ajiye robar man kusa da bahon tun kafin ki zuba ruwa. Ki ɗebo da cokali mai tsabta kar ki riƙa tsoma yatsun da suka taɓa ƙurji cikin roba, ki murza a tafin hannunki ya narke ya yi ɗumi, sannan ki shafa kina bin kwanciyar gashi daga sama zuwa ƙasa, ba mulmulawa da ƙarfi ba dan murza na tayar da ƙaiƙayi. Kar ki yi rowa, ki shafa har ki ga yana sheƙi. Ki tsaya a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu da ƙwauri ki ƙara. Kuma ba sau ɗaya ba, safe da bayan wanka da kafin kwanciya, in kin ga ya yi fari da rana ki yayyafa ɗan ruwa a hannunki ki shafa ki bi da mai. Jaririyar duk sanda kika canza mata famfas ki ɗan shafa a kumatu, haka kafin ta sha nono ki sa mata kaɗan a haɓa da gefen baki saboda yawu da nono na cin wurin.

Wane mai? Nan ne mutane ke kashe kuɗi a banza. Basilin fari marar turare, wanda ba a sa masa kala ba, da wuya ki sami abin da ya fi shi riƙe ruwa a fata kuma da wuya ya tayar wa yaro da wani abu. Man kaɗanya ma haka, mu da ƙasarmu ta fi kowace ƙasa a duniya samar da ƙwaran kaɗanya, jihar Neja kaɗai ta ishe mu, amma sai ki ga mace ta raina shi tana neman na kwalba mai hoton jaririn Bature. Ki sayi ɗanyensa wurin wadda kika yarda da ita, ki shinshina kar ya zama ya yi ɗoyin tsufa, ki narkar da shi a kan ruwan zafi ki tace da farin ƙyalle mai tsabta dan ana samun yashi da burbushin ɓawo a ciki, ki zuba a roba mai murfi. In kina so ki haɗa shi da basilin ya fi saurin narkewa a hannu. Kar ki sa turare, kar ki sa lemon tsami, kar ki sa kurkum ko wani abu da aka ce a wani bidiyo. Mayukan ruwa-ruwa na kwalba masu ƙamshi kuwa ki ajiye su sai lokacin zafi, ruwa ya fi yawa a cikinsu, basa jure wannan iskar, kuma turaren cikinsu na daga cikin abin da ke tayar da ƙaiƙayi. Duk sabon man da za ki fara ki gwada a cikin damtsensa kwana biyu tukun.

Man zaitun na san za a ce miki shi, kuma abu ne mai albarka a ci a sha, ban ja ba. Sai dai wani bincike da aka yi a jami'ar Sheffield ta Ingila aka wallafa a 2013 ya nuna shafa shi kullum yana raunana wannan saman fatar da muke son karewa, shi ya sa masu kula da fatar yara basa ba da shawararsa ga mai eczema. Ki sa masa a abinci. Man gyaɗa ma kar a shafa a fatar da ta fashe, ana gudun ya jawo wa yaro jikinsa ya ƙi gyaɗa daga baya. Man zafi irin mai mantiliyota da kafur da ake shafa wa yara a ƙirji da hanci in sanyi ya shigo, wannan bai dace da 'yar wata 5 ba sam, shi ma yaron kar ya taɓa inda ya fashe. Hoda kuma ki ɗaga ta sama, aikinta busarwa ne, mu kuma bushewar muke yaƙi da ita, ga jariri na shaƙarta.

Kaya ma suna da nasu. Rigar sanyi mai gashi-gashi ko ta roba in ta zauna kai tsaye a kan fata cizo take, ki fara sa masa ta auduga mai dogon hannu a ciki sannan ki ɗora ta sanyin. Na gwanjo a wanke kafin a sa. Wanki kuma a ɗauraye sosai har sai ruwan ya daina kumfa, dan garin sabulun da ya maƙale a zare yana komawa jiki. Turaren wuta da humra da kike turara kayansu da shi, na san gidan mace ba ya rasa ƙamshi, amma ki ware kayan yaran nan biyu da zanin gadonsu daga kabbasa na ɗan lokaci ki gani. Kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kayan jarirai shi ma a fitar da shi. Wani abu kuma da ake yi wa jarirai, a sa riga uku da hula da safa a naɗe da bargo a goya a rufa da mayafi, sai yarinya ta yi zufa sharkaf cikin sanyi, zufa kuwa tana tayar da ƙaiƙayi. Ki sa hannu a bayan wuyanta, in kin ji jiƙe ki rage ɗaya.

Ƙaiƙayin dare shi ke hana ku bacci dan haka ki yanke masa farce gajere ki goge kaifin, duk bayan kwana kaɗan. Ya kwanta da dogon wando da riga mai dogon hannu na auduga, in yana yarda ki sa masa safa a hannu. In ya farka yana sosawa kar ki buge hannun ko ki daka masa tsawa, wallahi ba da gangan yake ba, ƙaiƙayin nan manya ma yana sa su kuka. Ki jiƙa tsumma da ruwa mai ɗan sanyi ki ɗora a wurin minti kaɗan, ki bi da mai, ki koya masa ya riƙa dannawa ko bubbugawa maimakon yaƙushi. Za ki iya rataya jiƙaƙƙen zani a ɗakin da daddare ya ɗan sassauta bushewar iskar, ba wani babban abu zai yi ba amma yana rage wa hanci da maƙogwaro. Bana son a ajiye bahon ruwa a ƙasa a ɗakin da ke da yara.

Dan Allah ki kula da wuta. Wannan maganar bata fata bace kai tsaye amma dole in faɗa tunda nace ki lafta mai. Kayan da suka sha basilin ko man kaɗanya suna saurin kama wuta, ko an wanke su ba ya fita duka. Yaron da ya sha mai kar ya zauna dab da kaskon gawayi ko murhu yana jin ɗumi, kuma zafin wutar ma ƙara masa ƙaiƙayi zai yi. Garwashi a ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta, wannan duk shekara sai ya kashe mutane, iskar da yake fitarwa bata da wari bata da launi, bacci kawai ake wucewa.

Leɓe in ya fashe basilin ne, sau da yawa a rana, ki hana shi lasa dan yawu na ƙara busar da shi har ya yi zobe baƙi a gefen baki. Faso a dunduniya, a jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da daddare a shafa mai a sa safa, da rana kuma takalmi. In ya yi haɓo ya sunkuyar da kai gaba ki matse masa tattausan hancin minti 10, ba ɗaga kai sama ba. Ya sha ruwa ko bai ce yana jin ƙishi ba, ga lemo ga karas ga gwanda duk lokacinsu ne. Ita jaririyar nono kawai har ta cika wata 6, kar a ce iska ta busar da ita a ɗura mata ruwa, ke ce za ki sha ki ba ta nono akai-akai. Kuma kar ki hana yaron ƙwai ko madara ko kifi dan wani yace su ke kawo ƙurajen, sai in likita ne yace.

Asibiti kuwa cikin satin nan nake so ki kai shi, ba dan abin ya kai na tashin hankali ba sai dan ya sha wancan man sati uku kuma yana sosawa har jini. Ki fara da babban asibitin da ke kusa da ke, in abin ya ƙi za su tura ki wurin likitan fata, asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ba shi da nisa da ku, ga kuma asibitin Malam Aminu Kano. Mai yiwuwa likita ya rubuta wani sitiroid ɗin mai sauƙi kamar hydrocortisone na kashi 1 cikin 100 na ƴan kwanaki dan ya kashe wutar, kar ki ce ai Anti tace guba ne ki ƙi shafawa, wannan da awonsa ne, ki bi yadda aka ce ki tsaya ranar da aka ce, man shafawar kuma ki ci gaba da shi ko bayan wurin ya warke. Amma in kika ga wurin na tsattsafo da ruwa, ko ya yi ɓawo ruwan zuma, ko ruwan ƙurji, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa sun feso lokaci ɗaya suna masa zafi, ko zazzaɓi ya shigo, ko jaririyar ta ƙi kama nono, wannan ba a kwana da shi, a tafi a ranar. Ki kuma lura ko wani a gidan ya fara sosa tsakanin yatsu da wuyan hannu da daddare, in haka ne to ƙazuwa ce ta shigo, maganinta daban kuma duk gidan ake yi wa lokaci ɗaya, mai kaɗai ba zai kashe ta ba. In kuma kansa ya yi zagaye gashi na zubewa, makero ne, shi maganin sha yake so. Bayan an warke wurin zai iya barin tabo fari ko baƙi na watanni, yana komawa da kansa, kar wata ta sake miƙo miki roba tace na goge tabo ne.

Saura Hajiya, dan na san duk abin da na rubuta in ita ke riƙe da bahon wanka aikin banza ne. Ki sani tsohuwar nan ba mugunta take ba, matar da za ta tashi da asuba cikin wannan sanyin ta dafa ruwa ta wanke jikoki ai ƙauna ce, kuma haka ta reni nata suka girma, mijinki na ciki, dan haka in kika tunkare ta da cewa Mama wankanki ne ke ɓata musu jiki kin gama rasa ta, kuma kin rasa maigida tare. Kar ki nuna mata waya kice ga abin da aka rubuta. Ki roƙe ta ta raka ki asibiti, kice Mama ke kika fi ni sanin yadda abin ya fara, ki zo ki yi wa likita bayani. A gabanta ki tambayi likitan, wane irin ruwa, wane sabulu, sau nawa, a sa soso ko kar a sa. Maganar da za ta ƙi ji daga bakin suruka za ta karɓa daga bakin mai farar riga, har ki ji tana faɗa wa maƙwabta kamar ita ta gano. In bata iya fita, maigida ya je da ku ya ji da kunnensa ya dawo ya faɗa mata da bakinsa, ɗanta ne, ya san ta inda zai shiga. Shi ma ki same shi lokacin da hankalinsa ke kwance, ba kan tsakiyar kukan yaro ba, ki nuna masa bayan gwiwar da hasken waya ya gani da kyau, maza da yawa basa taɓa duba wurin sai dai su ji labari.

Sannan kar ki ƙwace mata aikin, ki canza mata shi. Man kaɗanya ai nasu ne, sun fi mu saninsa, kice Mama dan Allah ke za ki zaɓo mana mai kyau ki tace mana, kuma hannunki ya fi nawa iya shafa musu. Ke ki riƙa haɗa ruwan da kanki kina sirkawa kafin ki kai mata, soson kuma ya ɓata a gidan ba sai an yi shela ba. In tace ruwan bai yi zafi ba kice likita ne yace a gwada haka sati biyu a gani. Sati biyun nan in an bi, ƙaiƙayin zai ragu har ta lura da kanta, in kuma bai ragu ba ki koma wurin likitan ki gaya masa duk abin da kika yi da abin da kika shafa, sannan ki sake rubuto min in ji yadda ake ciki da jaririyar.